Sulallan da Na Saya a Talabijin Cikin Dare

An haife ni a birnin Kano a 1971, shekara biyu kafin naira ta maye gurbin fam da sule, kuma na tashi a gidan da aka fi yarda da ƙarfe a kan takarda. Kakata ta wajen uba tana da wata kwalla a ƙarƙashin gadonta, a ciki akwai kwabban zamanin Turawa masu huji a tsakiya, da anini, da sisi, da wasu manyan sulallan azurfa masu hoton wata mace, waɗanda take kira liyari. Sai da na girma na san cewa matar ita ce Mariya Taresa ta ƙasar Ostiriya, kuma fatake ne suka riƙa shigo da kuɗin ta hanyar hamada. Duk lokacin da wata larura ta taso a gidan, kakata takan ciro ɗaya ta aika wa maƙerin farfaru, ya ɗora a sikeli ya ba ta kuɗinta, ko kuma ya narka ya ƙera wa yarinyar da za a aurar munduwa.

Mahaifina kuwa ɗan kasuwa ne, yana sayar da yadi a Kantin Kwari, kuma shi banki ya yarda da shi. A 1986 aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta karye, kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa domin ya faɗaɗa shagonsa suka koma ba sa iya sayen kayan da suke saye a da. Bai sake miƙewa ba har Allah ya yi masa rasuwa. Ina ɗan shekara 15 a lokacin, kuma abin da ya zauna mini a rai shi ne cewa kuɗin takarda a hannun hukuma suke, idan ta ga dama ta zubar musu da daraja cikin dare ɗaya, amma azurfa da zinariya babu wanda ya isa ya taɓa su. Wannan tunani yana da gaskiya a cikinsa, shi ya sa ya yi wuyar fita, kuma da shi na hau jirgi zuwa Amurka.

Sunana ya fito a ƙuri'ar bizar Amurka, na sauka a Columbus, babban birnin jihar Ohio, a 2002. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi dakon kaya, daga baya na samu aikin gadi a wani katafaren sito da ke bayan gari, ina shiga ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ina tashi bakwai na safe. A 2005 na je gida na yi aure, na dawo na bar iyalina a Kano suna jiran takardu. Wanda bai yi aikin dare a ƙasar sanyi ba, da wuya ya gane irin kaɗaicin da ke cikinsa. Lokacin da jama'a suke masallaci ko hira, kai kana barci. Lokacin da ka farka, kowa ya shige ɗakinsa. A ɗakin gadin babu kowa sai ni, da allunan kyamarori, da wata ƙaramar talabijin da wani ya bari. Na ƙi shiga asusun fansho na wurin aiki saboda ina tsoron kuɗin ruwa, don haka abin da ya rage bayan na aika gida yana zaune a banki ba ya ƙaruwa, ni kuma burina shi ne in gina wa mahaifiyata gida a wani fili da na saya a gefen Kano.

A ƙarshen 2008 abubuwa biyu suka haɗu. Tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suna rushewa, abokan aikina suna shigowa da takardun fanshonsu suna nuna wa juna yadda kuɗinsu suka zaftare, ni kuwa ina cewa a raina wannan fim ɗin na taɓa kallonsa a gidanmu. Sannan Barack Obama ya ci zaɓe. A daren wata Lahadi ina sauya tasha na ci karo da tallan wani sule mai hotonsa da launi, ana cewa tarihi ne wanda ba zai maimaitu ba, kuma kaɗan aka yi. Na buga waya na yi oda masu yawa, na aika gida a matsayin tsaraba. Bayan 'yan watanni ƙanena ya kira ni yana dariya, ya ce: "Yaya, Obaman naka fa ya ɓare da zafin Kano, wani Bature ne a ƙarƙashinsa." Ashe sulen rabin dala ne mai hoton Kennedy, tsohon shugaban Amurka, irin wanda kowa zai iya karɓowa a banki a kan santi 50, aka manna masa hoto. Ma'aikatar buga kuɗi ta Amurka ma ta riga ta fitar da sanarwa cewa irin waɗannan kaya ba daga wurinta suke ba. Na taya ƙanena dariya, amma darasin da na ɗauka karkatacce ne: na ce wancan kayan wasa ne, daga yanzu azurfa ta gaskiya zan riƙa saye. Kuma na koma wurin mutanen da na ga suna sayar da ita, wato wani shiri na musamman da ake yi a wata tashar sayar da kaya, daga tsakar dare har kusan asuba.

Ya kamata in bayyana yadda shirin yake, domin wanda bai gani ba zai ɗauka sai wawa ne zai faɗa. Mutum biyu ne suke zaune a bayan tebur, ɗaya mai gabatarwa, ɗaya kuma dattijo mai furfura da ake kira masani. Masanin yana sanye da farar safar hannu, ya ɗauki sule ta gefe, ya juya shi a hankali a ƙarƙashin fitila, kyamara ta matso har kana ganin silin gashin matar da ke jiki. Yana juyawa yana ba da labari, kuma labarin gaskiya ne: dalar Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904 aka sake bugawa a 1921, azurfar da aka haƙo a Nevada, keken doki da ya ɗauko ta, ma'aikatar Carson City da aka rufe tun tuni. A gefen allo akwai agogo yana ja da baya, a ƙarƙashinsa akwai adadin abin da ya rage, kana gani yana sauka daga 200 zuwa 90 zuwa 31. Sai a haɗa wata tsohuwa ta waya ta ce ta saya wa jikokinta bara, kuma ba ta taɓa yin nadama ba. Sai mai gabatarwa ya ce ba sai ka biya duka yau ba, kashi huɗu ne ko biyar, kuma idan bai yi maka ba kana da kwana 30 ka mayar. Akwai wata magana da masanin yake yawan faɗa, cewa gwamnati tana iya buga takarda iya son ranta amma ba ta iya buga azurfa. Ranar da na fara jin ta, sai na ji kamar da mahaifina yake magana.

Abu ɗaya ne ba a taɓa faɗa a shirin ba, wato nawa za a saya a hannunka idan ka tashi sayarwa. Ni ɗan ɗan kasuwa ne, na san taya, na san sallama, na san ba a cinikin biri a sama, amma a nan babu wurin da za ka taya, kuma babu shagon maƙwabci da za ka leƙa ka ji farashinsa. Murya ce kawai mai daɗi tana yi maka magana da ƙarfe uku na dare, a lokacin da babu mahalukin da ya san kana raye. Har na san sunayen 'ya'yan masu gabatarwar da ranar da ɗayansu ya yi jinya. Idan na buga waya, matar da ke karɓar oda takan kira sunana, ta tambaye ni yadda dare yake tafiya, kuma sau da yawa ita ce kaɗai mutumin da na yi magana da shi a wannan yini.

Na fara da sulallan kwata, wato masu santi 25, na jihohin Amurka 50, waɗanda aka riƙa fitarwa biyar-biyar kowace shekara daga 1999, aka fara da Delaware aka rufe da Hawaii a 2008. Nawa an shafa musu ruwan zinariya, suna jere a cikin akwatin katako mai shimfiɗar karan-miski, da takardar shaida mai hatimi. Na Ohio na fi so, mai hoton jirgin sama na farko da ɗan sama jannati, domin a shekarar da na iso aka fitar da shi. Daga nan na shiga dalar Morgan, sannan dalar azurfa mai hoton mikiya da ma'aikatar buga kuɗi take fitarwa tun 1986, kowace da nauyin oza ɗaya. Na koyi cewa ana ba sule maki daga 1 zuwa 70, kuma mai 70 shi ne wanda babu tabo ko ɗaya a jikinsa, sai na daina sayen komai sai mai 70, a rufe cikin roba mai tauri da lamba a goshinsa. Na sayi wasu manyan sulalla na tunawa da shugabanni da yaƙe-yaƙen Amurka, waɗanda idan ka juya bayansu za ka ga sunan ƙasar Laberiya. Abin ya ɗan ɗaure mini kai, domin na san Laberiya, maƙwabtanmu ne a Afirka ta Yamma, kuma ban ga abin da ya haɗa ta da yaƙin basasar Amurka ba, amma ban tsaya bincike ba. Daga ƙarshe aka sa ni a wani tsari da ake aiko da kaya kowane wata ba tare da ka yi oda ba, ana cira daga katin bashi.

Iyalina ta iso a 2010 tare da ɗanmu na fari, a daidai lokacin da azurfa ta fara tashi kamar ba za ta tsaya ba. A ƙarshen 2008 oza ɗaya ta faɗi ƙasa da dala 10, amma a watan Afrilun 2011 ta kusa taɓa dala 50, zinariya kuma ta kai wajen dala 1,900 a watan Satumban wannan shekara. Na ji ni wani ne. Na sayi littafi ina rubuta kowane sule da farashin da shirin yake sayar da irinsa a ranar, ina haɗa jimla, kuma duk wata jimlar tana ƙaruwa. A masallaci har shawara nake ba wa mutane. Maiɗakina ta ga akwatuna suna cika kabad, ta ce: "Malam, wannan kaya haka, ina kuɗin ginin Hajiya?" Na ce mata ai ginin ne take gani a gabanta, idan lokaci ya yi rabin akwati ɗaya zai yi rufi. Ba ta sake magana ba, ni kuma na koma karɓar kayan a wurin aiki ina ajiyewa a bayan mota, in shigo da su idan ta yi barci.

A cikin waɗannan shekaru na yi wani abu da hannuna wanda na ɗauka gyara ne. Wasu dalolin Morgan ɗin sun zo da duhu-duhu a gefensu, sai na yi musu yadda muke yi wa azurfa a gida, na samu lemun tsami da man goge baki, na zauna da tsumma na murza su har suka yi fes suna ɗaukar ido.

A 2013 farashi ya rikito. Na jira in ji masanin ya yi bayani, sai ya ce wannan ita ce damar da masu hankali suke jira, azurfa ta yi araha, a ƙara saye. Abin mamaki, farashin sulallan a shirin bai sauka yadda na azurfa ya sauka ba, don haka jimlar littafina ba ta girgiza ba, hankalina ya kwanta. Abin da yake ƙaruwa a ɓoye shi ne bashi. Katin farko ya cika, na buɗe na biyu, ina biyan mafi ƙarancin abin da ake nema kowane wata, kuɗin ruwa sama da kashi 20 cikin ɗari yana hawa. Mutumin da ya ƙi asusun fansho don gudun riba, ga shi yana biyan riba duk wata, kuma na iya yi wa kaina bayani a kan haka: na ce na ɗan lokaci ne, ranar da na sayar zan wanke komai gaba ɗaya.

Zakka ce ta tona asirin. A watan azumin 2015 limaminmu ya yi karatu a kan zakkar zinariya da azurfa, ya ce nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, kuma ana fitar da ɗaya bisa arba'in idan shekara ta zagayo. A shekarun baya kintace nake yi in bayar, amma ranar na same shi bayan tarawihi da littafina a hannu, da ɗan alfahari a zuciyata. Na ce: "Allah ya gafarta Malam, ina da dukiya ta azurfa, ina so a lissafa mini." Ya duba littafin, ya tambaye ni wannan farashi na wane ne. Na ce na masu sayarwa ne. Ya ce shari'a ba ta aiki da abin da mai talla ya faɗa, in je in auno nauyin azurfar da ke ciki, in kuma ji abin da kasuwa za ta biya a yau, sannan in dawo.

Akwai wani shagon sulalla a wata unguwa da nake wucewa kullum ban taɓa shiga ba. Na loda akwatunan a mota na je da safe bayan na tashi aiki. Mai shagon dattijo ne, ga gilashin duba sule rataye a wuyansa, ga sikeli a gefe. Da ya ga akwatunan karan-miski, kafin in buɗe baki ya tambaye ni ko a talabijin na saya, kuma yadda ya yi tambayar ya nuna ba ni ne na farko ba. Ya shimfiɗa wani ƙyalle a kan kanta ya fara rarrabawa kashi-kashi, ba ya gaggawa, yana yi yana gaya mini dalili.

Sulallan kwata ya fara turewa gefe. Ya ce an buga su sama da biliyan 30, babu gidan da babu su a Amurka, zinariyar da aka shafa kuma ba ta da kaurin da za a kankare a samu wani abu, masu tara sulalla ma suna ɗaukar wanda aka shafa wa wani abu a matsayin wanda aka ɓata. Kowane santi 25 ne, kamar yadda aka rubuta a jikinsa, ya ce in kai banki ko in kashe. Na Laberiya ya ɗora ɗaya a sikeli, ya karɓi takardar shaidar ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙasa, inda aka ce jan ƙarfe ne aka lulluɓe da azurfa. Waɗannan ko taya su bai yi ba. Da ya zo kan masu maki 70, ya ce kasuwa kamfanoni biyu ta fi yarda da makinsu, PCGS da NGC, yawancin nawa kuma wani kamfani ne da bai san shi ba ya rufe su, saboda haka a wurinsa oza ɗaya ce ta azurfa kawai, robar ba ta ƙara komai ba. Ya ƙara da cewa irin wannan dala mai oza ɗaya an buga kusan miliyan 40 a 2011 kaɗai, kuma sabuwa ce fil daga ma'aikata, ba abin mamaki ba ne a same ta babu tabo. Azurfa a lokacin tana tsakanin dala 15 da 16. Na biya sama da dala 100 a kan kowace.

Dalolin Morgan ya fi daɗewa a kansu. Yawancinsu na 1921 ne, shekarar da aka buga sama da miliyan 86, kowace tana ɗauke da azurfa tsantsa kimanin giram 24. Ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na goge, ya sa gilashi, sannan ya miƙo mini ya ce in duba. Na ga fuskar matar cike da ƙananan zane-zane kamar an ja ta a kan yashi. Ya ce duhun da na cire shi ne shaidar shekarunta, kuma shi masu saye suke nema. Wadda aka goge ta koma kuɗin nauyinta. Guda ɗaya ce ya ware ya ce wannan sule ne na gaske, ta Carson City, mai haruffa biyu a ƙarƙashin mikiya, ita kuma ya taya ta da daraja, duk da cewa bai kai abin da na biya ba. A cikin wani kwano kusa da sikelinsa na hango irin liyarin kakata, na ce masa na san waɗannan tun ina yaro. Ya ce in duba shekarar da ke jiki. Duka 1780 ne, ya ce haka ake buga su da wannan shekara har zuwa zamaninmu, kuma shi da nauyi yake saye da nauyi yake sayarwa. A nan na gane cewa kakata ba ta taɓa biyan kuɗin labari ko akwati ko takarda ba, azurfa ta riƙe, kuma sikelin maƙeri ne yake yanke mata hukunci.

Ya rubuta jimla a wata 'yar takarda ya turo mini. Abin da na kashe a shekarun nan, bisa littafina, ya haura dala 17,000, ban da kuɗin ruwa da kuɗin aikowa. Abin da ya taya bai kai dala 4,000 ba. Na ce zan yi shawara. Na zauna a mota ban iya tayar da ita ba, ga azumi a bakina, ga barci a idona, jikina duk ya mutu. Domin in tabbatar ba cutata yake so ya yi ba, na kai kayan wani shago a wani gari, tayin da aka yi mini can bai ma kai nasa ba. Na kira tashar na tambaya ko suna sayen kayansu, aka amsa mini cikin ladabi cewa su sayarwa kawai suke yi, kwana 30 ɗin kuma sun wuce da shekaru.

Na koma wurin liman da takardar da kuma takardun katin bashi, domin ya ce in kawo duka. Ya yi lissafi ya ce azurfar ta wuce nisabi nesa ba kusa ba, amma bashin da ke kaina ya fi ta yawa, kuma a mazhabar Malikiyya bashi yana kayar da zakkar zinariya da azurfa idan mutum ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa. Ya ce in lissafa filin Kano mu gani. Sannan ya gaya mini abin da ya fi yi mini nauyi. Ya kawo hadisin Ubada ɗan Samit, wanda ya ce zinariya da azurfa hannu da hannu ake cinikinsu, ya ce mafi yawan malaman wannan zamani suna ɗaukar kuɗin takarda a kan wannan hukunci, don haka sayen azurfa a biya kashi-kashi shi kansa akwai magana a kansa, kafin ma a zo kan ruwan da kati yake ɗorawa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce bashi hanji ne yana cikin kowa, in tuba, in tsayar da ƙaruwarsa tun yau, in kuma je in gaya wa iyalina kafin wani ya gaya mata.

Gaya mata ya fi zuwa shagon wuya. Na ajiye takardun a gabanta bayan sahur, ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ta yi tagumi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Malam, asarar kuɗi ba ta dame ni kamar yadda ka riƙa shigo da kaya ina barci ba. Ashe duk daren nan da nake jin ƙarar ƙofa, ni ake ɓoye wa." Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai abin da ya zama dole. Daga baya ita ce ta ɗauki almakashi ta yanka katunan biyu, ita ce kuma ta zauna kusa da ni na kira aka cire sunana daga tsarin aiko da kaya na wata-wata, wanda sai da aka yi ta lallashina da rangwame kafin a yarda.

Na so in riƙe azurfar har farashi ya farfaɗo, amma a ƙarshen shekarar ciwon ƙoda ya kama mahaifiyata, aka fara yi mata wanki, kuma ni ake kallo. A watan Disambar 2015 na sayar da kusan komai, lokacin da oza ta sauka wajen dala 14, wato ƙasa da tayin da aka yi mini da azumi. Na bar dalar Carson City da 'yan ƙalilan masu hoton mikiya. Sulallan kwata kuwa muka ɓalle su daga akwatunansu muka zuba a gwangwani, muka riƙa zuwa da su gidan wanki na unguwa, inda inji yake karɓar kwata. Na tsaya ina zura Delaware da Ohio da Hawaii masu ruwan zinariya a cikin injin wanki ɗaya bayan ɗaya, ɗana yana tambayata me ya sa kuɗinmu suka fi na kowa kyau.

Na nemi a mayar da ni aikin rana ko da albashin ya ragu, na haɗa da tuƙin kai kaya a ƙarshen mako, kuma sai a 2019 na gama biyan bashin. Mahaifiyata ta rasu kafin nan, a gidan haya. Ginin na kammala shi daga baya, ƙarami a kan yadda na zana, ƙanena ne yake ciki da iyalinsa.

A 2025 zinariya ta wuce dala 3,000, daga baya azurfa ma ta haura inda ta tsaya a 2011, sai wasu da suka san labarina suka fara cewa da na yi haƙuri da na ci riba. A kan 'yan ozojin da na bari, gaskiyarsu, sun tashi tare da kasuwa. Amma mafi yawan kuɗina ba azurfa suka saya ba, sun tafi ne a kan ruwan zinariya da roba da karan-miski da kuɗin lokacin da tashar take biya, waɗannan kuwa ko azurfa ta kai dala nawa ba za su dawo ba. Ban ce tara sulalla haramun ba ne ko wauta. Na ga dattawa a shagon nan waɗanda suka san kowace shekara da kowace ma'aikata, suna saye da ilimi don sha'awa, kuma sun san abin da suke biya. Ni ma nakan shiga wani lokaci in sayi oza ɗaya, in biya nan take in karɓa nan take, bayan na duba farashin ranar.

Tallan yanzu ya bar talabijin kaɗai, ya shiga waya. Bara wani matashi ɗan Damagaram da ke tuƙin babbar mota ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce: "Baba, an ce ka san harkar nan," ya nuna mini wani saitin dalolin Morgan da ya saya a wani shiri kai tsaye da yake kallo idan ya tsaya hutawa a hanya, an raba masa biya kashi biyar. Na tambaye shi yaushe kayan suka iso, ya ce mako biyu ke nan. Na ba shi lambar shagon, na ce ya kira a gabana, kada ya tambayi darajarsu, ya tambayi nawa za su biya idan ya kawo yau. Ya kira, ya karanta musu shekarun da ke jiki, suka faɗi kuɗin da bai kai rabin abin da ya biya ba. Washegari muka je gidan waya tare, ya mayar da kayan, kuma bayan kwanaki aka dawo masa da kuɗinsa, ban da na aikowa.